Hita ta soket ko bututun ɗumama gida gaba ɗaya? Amsa ga wata mai jego a Jos

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Dan Allah ina cikin damuwa. Na haihu sati uku kenan, muna zaune a Rikkos, ka san dai yadda sanyin bana yake, da asuba sai in taɓa hannun jaririn in ji shi sanyi ƙalau. Maigida yana gini a Rayfield, wani abokinsa da ya zauna a Ingila ya ce ya sa irin na can, tukunya ɗaya tana dafa ruwa bututu ya zagaye ɗakuna, ni kuma na ce a sayi hita kawai. A yanzu dai Goggona da ta zo min wankan jego ce ke shigo mana da kaskon gawayi da daddare, ta ce in ya ruru ya daina hayaƙi ba komai. Amma kwana biyun nan da ciwon kai muke tashi ni da ita. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Kafin komai, kaskon nan kar ya sake kwana a ɗakinki, daga yau. Zan dawo kansa, bari in sallami maigida tukuna.

Irin na Ingila ba namu ba ne. Can sanyi yana kai kusan rabin shekara, akwai gas da ke zuwa gida ta bututu, bangonsu an cusa masa abin riƙe zafi, tagoginsu gilashi biyu ne. Mu a Jos duk da muna kan tsauni sama da mita 1,200, sanyin da ke hana barci na Disamba da Janairu ne, shi ma dare da asuba, rana na fitowa kowa ya cire suwaita. Gidajenmu kuma bulo ne mai rami, rufin kwano, taga luba, ƙarƙashin ƙofa yatsa uku na shiga, ɗumama irin wannan gida gaba ɗaya zuba ruwa ne a kwando. Ga famfon da ke tura ruwan cikin bututun sai da wuta, ga ranar da ya lalace a yi ta neman mai gyara. Tunda ginin bai ƙare ba, ya kashe kuɗin a silin mai kyau da abin riƙe zafi a samansa, da tagogi masu rufuwa ruf, zai ji daɗinsu har lokacin zafi. In zai sa esi ya tambayi mai ɗumamawa, don yana ba da zafi kusan ninki uku na hita a wuta ɗaya, sai dai yawancin na kasuwarmu sanyi kawai suke yi, ya duba takardar da kansa kar ya tsaya a kan bakin mai shago.

Ke kuma a yanzu, hita ta lantarki mai mai a rufe a cikinta, mai haƙarƙari ɗin nan, wadda ke kashe kanta in ɗaki ya ɗumama. Ba ta da jan ƙarfe a fili, ba ta ƙara. Mai wat 2,000 tana shan yunit 2 a awa, awa 8 yunit 16 kenan, a farashin wuta na Band A na 2024, wajen naira 209 kowane yunit, dare ɗaya ya haura 3,300. Toh ki sa ta a ƙaramin gudu, ɗaki ɗaya kuma. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, banda ekstenshin, kuma in kin taɓa filogin kika ji zafi a kira mai wuta. Ta yi nesa da labule da gidan sauro kamar mita guda, kar a shanya kayan jariri a kanta. Invata kuwa a manta, batir ɗaya mai 200Ah ba zai riƙe ta fiye da awa guda ba, ƙaramin janareta ma ba zai ɗauke ta ba.

Yanzu kasko. Wallahi maganar nan ta “ai ya ruru, hayaƙin ya fita” na gaji da jin ta, duk hunturu sai an faɗa min, har daga bakin masu digiri. Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne mai kisa ba, shi ai gargaɗi yake yi, ya sa ki tari ki buɗe ƙofa. Mai kisan iska ce da ake kira kabon monoksaid, ba launi, ba wari, ba ta sa hawaye, kuma garwashin nan da ya yi jajir ya lafa yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka, ɗaki na rufe tana ƙaruwa. In ta shiga huhu jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai mutum yana numfashi lafiya lau amma ƙwaƙwalwa ba ta samun isasshen oksijin. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, daga nan barci mai nauyi, kuma abin tsoron shi ne mutum kan farka ya san akwai matsala amma ƙafa ta ƙi kai shi ƙofa. Jariri ya fi ku saurin numfashi, ya riga ku sha, kuma ba shi da bakin cewa kaina na ciwo, sai dai a ga ya yi laushi ya ƙi kama nono a ce yau yaron ya yi barci mai daɗi.

Mutum biyu a ɗaki ɗaya su tashi da ciwon kai tare, su fita tsakar gida ya sake su, wannan ba maleriya ba ce, ba kuma gajiyar jego ba. Amma sai a wayi gari an samu iyali a kwance, nan take a ce aljanu, ko an sa musu guba a tuwo, a fara zargin kishiya ko maƙwabciya, ga kasko nan a gefen gado ba wanda ya kalle shi. Sannan ga masu dabaru: a zuba gishiri a garwashin, a jefa ɓawon lemu, a ajiye kwanon ruwa kusa da shi ya “shanye gubar”. Ruwa ba ya shanye ta, ɓawon lemu ƙamshi kawai yake yi. Ɗan buɗe luba ɗaya ma ba abin dogaro ba ne, balle ma a sanyin Jos wa ke barin taga, har tsumma ake cusawa ƙarƙashin ƙofa. Hukuncin ɗaya ne da murhun gas ko risho da ake kunnawa don ɗumi, da janaretan da ake shigarwa koridoo saboda ɓarayi.

In an samu mutum ya galabaita a irin wannan ɗaki a buɗe ko'ina, a fitar da shi iska, a wuce asibiti a faɗa musu gawayi ne don su sa masa oksijin. Kar a ɗura masa manja ko madara, wanda bai cikin hayyacinsa shaƙewa zai yi. Ku ma ku ukun, ke da Goggo da jaririn, ku je a duba ku yau, musamman jaririn, kar a jira gobe.

Goggo kuma a bi ta da ladabi, ƙauna ce ta sa. Ɗakunan da ta saba da su na da, iska na shiga ta ko'ina, naki kuwa silin ne da siminti. Ta dafa ruwan wankanta a waje kamar kullum. Daren da ba wuta a sa wa yaro hula da safa da kaya biyu ko uku, in ya yi sanyi ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata ki lulluɓa kina zaune ido biyu. Maigida kuma in zai sayo hitar ya haɗo da ɗan ƙararrawar nan mai batir da ke kuka in ta ji kabon monoksaid, a kafa ta kusa da ɗakin kwana.