Muryar Malam a zauren iyayen 'yan sikawut: maganar kaki, takalmi da fom

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyaye, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, don in na ce zan rubuta sai mu kai isha'i ban gama ba.

Hajiya, na ga saƙonki tun da hantsi, ina aji ne. Kin ce nawa kakin bana zai kama, kuma ko dole ne sai an ɗinka sabo kafin yaro ya dawo. To ni abin da na ji a ƙarƙashin maganar, ba wai ina nufin ke ba, don mutum uku sun same ni ta gefe da irinta, shi ne: in babu halin ɗinki yanzu, a bar yaro gida ne har sai an samu? A'a. Kada wanda ya bar ɗanshi gida saboda kaki. Na san yadda Satumba take. Ga kuɗin makaranta, ga littattafai, ga kayan boko, kuma amfanin gona bai gama shigowa gida ba. Wanda na bara ya shige shi, ya sa abinshi. Wanda ya ɗage mashi, a kai wa tela ya saki ƙafar wandon, yawanci akwai rara a ciki. In ya ƙi sakuwa a kawo mana, a ɗauki wani cikin buhun da manyan suka bari, shi kuma wannan ya koma wa ƙannensu. Ba gori a ciki, nawa ɗiyan ma haka suka sa.

Ai shi kanshi Baden-Powell, Baturen da ya fara sikawut a 1907, yara kamar 20 ya kwasa zuwa tsibirin Brownsea a Ingila, wasu 'ya'yan masu hali, wasu 'ya'yan talakawa, da gangan ya gauraya su, kuma babu mai rigar kaki a cikinsu. Daga baya rigar ta zo. Tun 1915 ake sikawut a nan Najeriya, ban taɓa jin an ce tela ne ya riƙe ta ba.

Inda ba na sassauci shi ne ƙyallen wuya. Wannan dole, kuma ba shi da tsada. Ba ado ba ne. Da shi yaro zai rataye hannun ɗan'uwanshi in ya gurɗe, da shi zai danne rauni jini ya tsaya, da shi zai rufe hanci in hazo ya sauko. Kuma don Allah iyaye mata, ku bar yaro ya wanke shi da kanshi, ya naɗe shi da kanshi. Ko ya naɗe a karkace, ku ƙyale, shugaban rukuninsu zai gyara mashi. In kin naɗe mashi a gida, ranar da ya warware a fili sai ya tsaya yana kallon mutane.

To amma takalmi. Nan ne nake so ku tsaya ku saurare ni, don abin nan har yau yana ci mani rai. Bara... a'a, bara waccan ne, shekarar da muka yi ta gwaji cikin ruwan sama. Akwai wani yaro, ba zan kama suna ba, ubanshi ma ba ya cikin zauren nan yanzu. Mako uku yaron nan yana gwajin maci da wani tsohon kambas ɗinshi, bai taɓa fashi ba, shi ne ma muka sa a farkon layi saboda ƙafarshi ta fi ta kowa daidai. Ranar jajibiri, 30 ga Satumba da daddare, uban ya shiga kasuwa ya sayo mashi sabon takalmin fata, mai tauri kamar itace, wai kada ɗanshi ya ji kunya a gaban manya. Niyyarshi mai kyau ce, ban musa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro ya zo da asuba yana murna, ko safa mai kauri babu. Kun san faretin 1 ga Oktoba, tun bakwai na safe ake jera yara, a yi ta jiran manyan baƙi, rana ta buɗe. Kafin a kira mu, dunduniyarshi duka biyu sun yi bororo. Bai faɗa ba. Yaro ne mai zuciya. Sai da muka taho daidai rumfar manya na ga yana ɗingishi, layin gaba ya karkace, na baya suka bi shi. Da muka fita na cire mashi takalmin, safar ta manne da fata. Da ruwan gora na jiƙa ta kafin ta fita. Yaron nan yana kuka, kuma wallahi ba ciwon yake wa kuka ba, cewa yake ya ɓata wa 'yan'uwanshi maci.

Kun san me uban ya ce mani da yamma? Wai mun wahalar mashi da ɗa, mun tsayar da shi a rana. Ni ne na wahalar da shi. To na haɗiye, ban ce komai ba, don babba ne. Amma yaron bai sake dawowa ba, kuma shi ne abin da ya fi yi mani ciwo, don da yanzu shi ke riƙe da rukuni. Har yau in na gan shi a hanyar masallaci sai ya sunkuyar da kai. Saboda takalmi. Takalmi fa.

Don haka in za a sayi sabo, yau za a saya, ba jibi ba. Ya riƙa sa shi a gida, ya je aike da shi, ya je makaranta da shi, ya yi aƙalla mako biyu a ƙafarshi kafin ranar. A bar ɗan sarari a gaban babban yatsa. Safa ta auduga, guda biyu, ba irin mai santsin nan ba. In kuwa babu halin sabo, tsohon da ƙafa ta saba da shi ya fi, a wanke shi kawai. Ko na gwanjo ma ya fi sabon fata laushi. Kuma duk yaron da na gani da takalmin da ban taɓa gani a gwaji ba, ranar fareti ba zai shiga layi ba, ko ɗan wane ne. Na faɗa tun yanzu.

Ina ma na tsaya? Yauwa, fom. Wannan ya fi kaki muhimmanci nesa ba kusa ba, amma shi ne kullum ake mayar mani rabi a cike. Akwai gurbin da aka ce a rubuta lalurar yaro. Don girman Allah a rubuta gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. In yaro yana da sikila, a rubuta. In asma ce, a rubuta, a haɗo shi da abin shaƙarshi. In farfaɗiya ce, in ma fitsarin kwance ne, a rubuta ko a kira ni ta waya. Ba za mu kore shi ba, kuma ba wanda zai gani sai ni da mataimakina. Mai sikila abin da ke tayar mashi da ciwo ai mun sani: sanyi, ƙishirwa, gajiya mai yawa, zazzaɓin cizon sauro. In na sani, zan sa shi inuwa, in sa ido kan gorar ruwanshi, in ba shi aikin usur ko riƙon rajista maimakon gudu. In ban sani ba, zan sa shi cikin sahu kamar kowa, kuma in abu ya faru cikin dare ni ne a wurin, ba ku ba. Lambar waya kuma a sa guda biyu, waɗanda ake ɗauka.

Ranar haɗuwa tana nan Asabar... a'a, astagfirullah, ba Asabar ba, na tuna da tsohon tsari ne. Alhamis. Mun mayar da ita Alhamis ne don kada mu ci karo da Islamiyya, tunda yawancinsu Alhamis da Juma'a suke hutu. Bayan la'asar, mu tashi kafin magariba. Ƙanana, 'yan firamare, a zo a ɗauke su. Ba zan sake sakin yaro ɗan shekara 8 ya hau Keke Napep shi kaɗai da duhu ba, kuma ba daidai ba ne in yi ta zama da yara biyar a bakin ƙofa har a idar da salla.

Maganar sansani, na san ita ce a ran kowa ko ba a tambaya ba. Tun da aka sace 'yan makaranta a Ƙanƙara a Disamba 2020, babu uban da zai ji an ce kwana a waje gabanshi bai faɗi ba, ni ma uba ne. Ba za mu daji ba. Cikin gari za a yi, cikin katangar makaranta, bayan jarabawar zangon farko, kuma ina son iyaye maza biyu ko uku su kwana tare da mu. Ba kuɗinku nake nema a nan ba, ku nake nema. Tafiyar ƙafa ma cikin birni ce da rana: mu tashi daga Ƙofar Soro, su ga hasumiyar Gobarau, mu fita ta wajen Ƙofar Guga, su zana taswirar hanyar da hannunsu. Akwai yaran da aka haifa a garin nan da ba za su iya lissafa maka ƙofofin Katsina ba. A lokacin kuma hunturu ya shigo, saboda haka bargo, rigar sanyi, man shafawa, tabarma, gidan sauro, tocila, kwano da cokali, buta. Duk akwai su a gida, ba sai an saya ba. Kuma yaro ne zai haɗa jakarshi, ke ki tsaya ki duba kawai. Kada a biyo shi da kular abinci, su za su dafa. Ko ta caɓe za su ci, kuma za ku ji labarinta har shekara ta zagayo.

Alhaji, kai kuma ka taɓa tambayata maganar gaisuwa da hannun hagu. Gaskiya ne al'adar sikawut ce a duniya, amma mu nan ba mu koya wa yaro ya miƙa wa babba hagu ba, kuma alkawarin da suke ɗauka ma haƙƙin Allah ne a farkonshi, sannan... to, wannan doguwa ce, a bar ta sai ranar taron iyaye, ka zo mu yi ta baki da baki.

Kuɗin rajista ma'aji zai turo da kanshi, kada in faɗi abin da ba shi ba. Hajiya, ki turo shi ranar Alhamis da abin da ke jikinshi, da fom ɗin a cike, da takalmin da zai yi maci da shi, in gan shi da idona. Wassalamu alaikum.