Ganyen melis a ƙasar ƙanƙara, da maganar irin jabu

Wata uwa daga Tawa ta rubuto: "Ɗana yana karatu a Kebek ta Kanada. Ya shuka melis a bayan gida don shayi, yanzu ƙanƙara ta rufe ta, ganyen ya yi baƙi. In saya masa iri in aika?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, shukar na nan da ranta. Melis shuka ce mai ƙanshin lemo, ƴar uwar na'a-na'a ce. Da ɗari ya shigo sai samanta ya bushe, saiwar ta kwanta a ƙasa har wajen watan Mayu ta sake tofowa. Tana jure sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma ƙanƙarar da ke tayar miki da hankali bargo ce gare ta. Abin da ke kashe ta shi ne ruwa ya kwanta a gindinta, ko a bar ta cikin tukunya a baranda saiwar ta daskare. Baɗi, kafin ƙanƙara ta sauka, ya yanke rassan ya lulluɓe gindin da busasshen ganye.

Iri kuwa, don Allah kada ki saya. Ƴan duwan na can ba su wasa da tsirrai, kuma irin ya fi samuwa a can Kanada. Mu a nan me muke saye? Mai tebur ya ƙulla baƙaƙen ƙwayoyi a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, duk abin da kika ambata sai ya ce shi ne. Ni kaina na ba da dala ɗari a wata kasuwa a Yamai, na yi sati shida ina ban ruwa, sai ga ɗoɗɗoya ta fito! Ko mai fakiti ne, in hoton jikinsa ya koɗe, rana ta riga ta gasa shi. Mutum ya yi cinikin tumatir na dala ashirin har muryarsa ta dushe, amma a miƙo masa ƙullin da bai san cikinsa ba, ya zaro jikka ko tayi babu.

Wani kuma daga Yamai ya ce tunda melis tana son sanyi, ko ya ajiye tukunyarta a firigo?

Haba malam! Shuka ce ko fura? Yafa irin a Nuwamba, kada ka binne shi, sai da haske yake tsira. Ka samar mata inuwa, amma ka sani zafin Afrilu ba lalle ya bar maka ita ba. In ƙanshin lemo kake nema a shayi, ɓallo gindin sitronel wurin maƙwabci, kyauta.