Samari biyu sun kawo min samfurin shafi, wanne zan ɗauka?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai a Kejetia, gida kuma Aboabo. Ina so a buɗe min shafin intanet, samari biyu sun kawo min samfuri, na ɗaya hotuna sai motsi suke gwanin kyau, na biyun ba wani ado. Ta ya zan gane wanda ya fi? Daga wata Hajiya a Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ki ajiye maganar ado tukuna, abin dubawa shi ne yadda aka jera kayan a ciki. Ke da kike Kejetia kin fi ni sani, mai neman atamfa layin ƴan atamfa yake nufa kai tsaye, to shafi ma haka ne, akwai ƙofar shiga, daga nan sai rassa, kowane reshe da ƴaƴansa.

Ki buɗe Jumia, shafin sayayyar nan, a wayarki ki gani, daga shafin farko sai rukunin kaya, cikin kowane rukuni akwai ƙanana, har ki iso kan abu ɗaya da farashinsa. Wikipedia kuma ba haka take ba, ita kamar saƙar gizo-gizo ce, wannan maƙala ta jefa ki waccan, ta dace da mai karatu amma wallahi ba ta dace da shago ba. Ke irin na farkon kike buƙata: atamfa, leshi, mayafi, a ƙarƙashin leshi kuma a raba ta launi ko ta farashi.

Ga gwajin da nake yi wa duk wanda ya kawo min irin wannan. Ki miƙa wayar wa wani da bai taɓa ganin shafin ba, ko ƴarki ko maƙwabciyar shago, ki ce ta nemo miki jan leshi da kuɗinsa, ke kuma ki yi shiru kina ƙirga sau nawa ta danna, kar ki taimaka mata ko kaɗan, in kika ga ta tsaya tana ta jan yatsa sama da ƙasa tana komawa baya to a nan matsalar take. A yi wa samfurin biyun haka, da data ba da wayifayi ba, domin hotuna masu motsin nan data suke sha kuma su ne ke sa shafi jinkirin buɗewa, mai saye kuwa ba zai jira ba.

Sai ki duba adireshin da ke sama. In kin ga sunan shagon sannan /leshi/ja, an tsara abin da hankali. In tarkacen lambobi ne kawai ki tambaye shi dalili.

Ki kuma ce kowannensu ya nuna miki sitemap.xml ɗinsa, wato taswirar da ke lissafa wa Google duk shafukan ciki, Google ce ma ta fito da tsarin a 2005. Maginin da ya san aikinsa ba zai yi inda-inda ba.

Abu ɗaya da nake so ki dage a kai, madannin WhatsApp da lambar MoMo, wato ta biyan kuɗi ta waya, su fito a ƙarƙashin kowane kaya, kar a ɓoye su can wani lungu, kuma kafin ki biya ko sidi ɗaya ya zauna ya koya miki yadda za ki ƙara sabon rukuni da kanki in kayan Sallah sun iso.