Ƙaura daga Apache zuwa Nginx: kwaɗo ba ya bin kaya

Apache da Nginx manhajoji ne da ake ɗorawa a sabar don su miƙa wa baƙi shafukan intanet. Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, na kwashe shafina daga Apache zuwa Nginx, har da fayil ɗin .htaccess, amma ko'ina na latsa sai 404, wai ba a sami shafin ba. In sayi sabar da ta fi tsada?"

Riƙe kuɗinka, ɗana. Nginx ba ya karanta .htaccess, fayil ɗin da ake rubuta wa Apache dokoki a ciki, ko nawa ka biya. Dokokinsa a fayil ɗin saitinsa ake rubutawa, a sassan server da location. In WordPress ne, layin try_files $uri $uri/ /index.php?$args; zai dawo maka da shafukan. Ka gwada da nginx -t kafin ka sake loda saitin.

Amma ni ba 404 ke damuna ba, wannan ko yaro ya gani. Foldar da ka kulle da dokar Deny from all a cikin .htaccess fa? Yanzu a buɗe take wayam, kuma babu saƙon da zai faɗa maka. A nan mutanenmu ke jibge kwafin rumbun bayanai da hotunan katin shaidar abokan ciniki. Apache ya saba ɓoye duk fayil mai farawa da .ht, shi kuwa Nginx zai miƙa .htpasswd, fayil ɗin kalmomin sirri, ga duk wanda ya nema, sai in ka hana shi da deny all. Sai mutum ya kashe daloli a kan sabar, amma ya yi ƙyuyar minti goma na dubawa! Shafukan nan masu fassara dokokin Apache zuwa na Nginx nan take, kada ka sakankance da su. Ɗauki wayarka, rubuta adireshin kowace folda ta sirri, ka ga ko 403 za ta ba ka, wato an hana shiga.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa daga Kano ta ce shafinta ya koma nuna 500, lambar matsalar sabar, tun da aka mayar da shi Apache 2.4, tana tsoron kutse ne.

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Galibi tsofaffin dokokin Apache 2.2 ne, su Order da Allow, waɗanda Require ya gada. Mai kula miki da shafin ya sauya su, ko ya kunna mod_access_compat, mai sa Apache 2.4 ya gane tsofaffin dokokin, na ɗan lokaci. Kada dai ya cakuɗa tsoho da sabo.

Wani kuma: "Tsakanin Apache da Nginx, wanne ya fi?"

Ya fi a me? Shafin da baƙinsa ba su kai hamsin a rana ba, bar shi a Apache.