Binne na gona da binne na kabari, kalma ɗaya ce ko biyu?

Wannan makon tambayoyi uku ne suka taru a kan abu ɗaya. Ta farko daga wani dattijo manomi ne, Kirista, ya ce ƙanensa ya rasu a ƙasar waje, 'ya'yan suka ce za su ƙona gawar kamar yadda ake yi a can, shi kuma ransa bai kwanta ba. Sai ya tambaya: "Malam, binnen da muke yi a gona da binne mamaci, asalinsu ɗaya ne? Ko dai baki ne kawai ya haɗa su?"

Toh Baba, Allah ya ba ku haƙuri. Kalma ɗaya ce, ba haɗuwar baki ba ce. Binne shine ka sa abu cikin ƙasa ka mayar da ƙasar a kansa, wasu su ce bisne, wasu bizne, a yammacin ƙasar Hausa ma za ka ji ana ce wa jana'izar kanta biso. Ga wanda bai san gona ba, binne a wajen manomi shine shukar da ake yi tun ruwa bai sauka ba, ƙasa a bushe ƙamas, ka sara ka zuba iri ka take ka tafi gida. Ƙaramin manomi ne ya fi yin haka, wanda bai da shanun huɗa bai da kuɗin 'yan ƙwadago, so yake ranar da ruwan fari ya zuba irinsa na ciki ya riga kowa tashi. Kuma kasada ce, dan in yayyafi ya ɗan jiƙa ƙasa ya ɗauke sai irin ya tsiro ya ƙone, ko tururuwa da ɓeraye su yi gaba da shi. Mai binne dai ya ba ƙasa ajiya ne yana jiran abin da bai gani ba tukuna.

Abin da ya sa na daɗe a nan, wannan hoton shi ne ainihin hujjar Kiristocin da suka fi son binnewa. Manzo Bulus a 1 Korintiyawa sura 15 da manomi ya yi misali, ya ce abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu, kuma ƙwaya ce tsirara kake sawa a ƙasa, ba tsiron da zai fito ba, haka jiki ake shuka shi da ruɓewa a tashe shi ba ruɓewa. A Yohanna 12:24 ma Yesu ya yi maganar ƙwayar alkama da sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya da yawa. A wasu harsunan sai mai wa'azi ya yi ta zagaye kafin ya haɗa shuka da kabari, Jamusawa sai da suka ƙirƙiro wa makabarta suna na musamman, Gottesacker, wato gonar Allah. Hausa kuwa ta gama aikin cikin kalma ɗaya tun kafin a fassara mata komai. Ni dai a ganina wannan na cikin wurare masu daɗi a harshen nan.

Tambaya ta biyu wata 'yar'uwa ce, ɗaliba, ta ce me ya sa ba mu da kalma guda ta ƙona gawa, kuma ko Baibul ya hana.

'Yar'uwa, harshe ba ya raɗa wa abin da masu shi ba sa yi suna. Duba ɓangaren binnewa ki ga arziki: kushewa tamu ce ta gado, kabari da makabarta da jana'iza da likkafani aro ne daga Larabci, ga rufewa, ga sutura, ga makwanci. Ɓangaren wuta kuwa sai dai mu ɗauko ƙona ko babbaka ko toyi, kuma duk cikinsu babu mai ladabi. Babbaka ta dabba ce, toyi na daji ne, ƙona kuma in aka jingina ta da mutum kunne azaba yake ji ko hukunci. Kenan tun kafin a fara muhawara kalmar ta riga ta yanke hukunci, wanda ya ji "sun ƙona babansu" ba zai ji irin abin da Bature ko Bajapane yake ji ba. Wannan a kula da shi, dan wani lokaci da kalmar ake faɗa alhali ana zaton da akida ake yi.

Maganar hani kuwa, babu ayar da ta ce kai tsaye kada a ƙona gawa, amma al'adar littafin gaba ɗaya binnewa ce. Ibrahim ya sayi kogon Makfela da shekel 400 na azurfa dan ya binne Saratu, a Farawa 23. Yesu kansa a kabarin Yusufu mutumin Arimatiya aka sa shi. Farawa 3:19 ta ce daga ƙasa aka ɗauko mutum, can zai koma. Inda wuta ta fito galibi ba a alheri ba ne, Amos 2:1 ya tsawata wa Mowab saboda ƙona ƙasusuwan sarkin Edom. Sai dai masu ra'ayin a iya ƙonawa su ma suna da tasu hujjar, mutanen Yabesh Gileyad sun ƙona gawar Saul da 'ya'yansa sannan suka binne ƙasusuwan, a 1 Sama'ila 31, kuma Dauda yabonsu ya yi. Suna kuma cewa shahidai irin su Polikap da aka jefa a wuta fa, za a ce ba za su tashi ba? Ai wanda ya yi mutum daga turɓaya toka ba za ta gagare shi ba. Wannan kam kusan duk coci-coci sun yarda, rigimar a kan alama ce da girmama jiki.

A tarihi, Sarki Shalman (Charlemagne) na Turai ya hana ƙona gawa a ƙasar Sakson, cikin Jamus ta yanzu, a shekarar 785, har da hukuncin kisa. Abin bai dawo Turai sosai ba sai ƙarni na 19, a Ingila an fara a hukumance a garin Wokin a 1885. Cocin Katolika ta haramta a 1886, ta sassauta a 1963, sannan a 2016 ta sake bayani cewa binnewa ta fi, amma in an ƙona a ajiye tokar a wuri mai tsarki, kada a watsa ta a iska ko ruwa ko ƙasa, kada a raba ta tsakanin dangi. Coci-cocin Otodoks na Gabas har yau ba su yarda ba, shi ya sa Girka ba ta samu gidan ƙona gawa na farko ba sai 2019. Yawancin Furotestan sun bar wa iyali zaɓi, a Amurka ma tun wajen 2016 masu ƙonawa sun haura rabi, saboda tsadar fili da akwati da kuma yadda 'ya'ya suke warwatse a garuruwa.

Baba ya ƙara da wata magana da ta ba ni murmushi, ya ce ai toka ma taki ce, bayan sharar gona ita ake bazawa. Gaskiya ne Baba, amma ka lura toka ciyar da iri take yi, ita kanta ba ta tsira. Manomi bai taɓa cewa ya shuka toka ba. Shi ya sa misalin Bulus yake zama daram a kan binne, a kan toka kuwa sai an ɗan lanƙwasa shi. Ko hakan ya isa ya zama doka, wannan ku zauna da fastonku da 'ya'yan mamacin, su ma fa baƙin ciki suke ciki kuma wataƙila kuɗin ɗauko gawa a jirgi ne ya fi ƙarfinsu.

Na uku wani saurayi ne, ya ce ya ji an kawo "wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi" a wa'azin jana'iza, daidai ne? A'a ɗan'uwa, karin maganar ba ta mutuwa ba ce, tana nufin wanda ya riga ka shiga harka ya fi ka sanin kanta, kada ka ja da shi. Na gane inda mai wa'azin ya dosa, dan 1 Tasalonikawa sura 4 ta kira matattu masu barci ta ce su za su fara tashi, kuma kalmar Helenanci da Kiristocin farko suka ba makabarta, koimeteriyon, ma'anarta wurin barci, kamar dai makwanci namu. Wasa da magana ne mai kyau, amma in an tambaye ka a jarrabawa kada ka rubuta haka.

Ka kuma tambayi "gawa ta ƙi rami". Ita ana faɗarta ne ga abin da ya tsufa ya gama lalacewa amma ya ƙi ƙarewa, kamar tsohuwar mota da kullum sai an tura ta. Kada dai ka kuskura ka faɗe ta a gidan makoki.