Na'urar Cire Zartsin Ruwan Rijiya: A Gyara Ta ko a Sauya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Amurka da iyalina, mu biyar, a gidan da na saya a bayan gari. Ruwan rijiyar burtsatse muke sha. Na tarar da na'urar cire zartsi a gidan, yanzu shekararta 12. Wata uku ke nan sabulu ya daina kumfa, wani farin abu kamar alli yana taruwa a bakin famfo, fararen kaya kuma suna fitowa da jan tabo. Wani mai sayar da irin na'urar ya zo ya ce sai dai a sa sabuwa. Ni kuwa ɗan abin da na tara na gyaran rufin ɗakin mahaifiyata ne a gida. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka da ka sa Hajiya a gaba. Kada ka taɓa kuɗin nan tukuna. Mai sayarwa abin da ya kawo shi ya faɗa maka, kai kuma har yanzu ba ka san abin da ya lalace ba.

Ka fara sanin yadda abin yake aiki. Zartsin da ke hana sabulu kumfa sinadaran kalsiyam da magnesiyam ne da ruwa ya kwaso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A cikin doguwar tukunyar na'urar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi, ana ce musu rezin. Su ne suke kama sinadaran nan biyu su saki sodiyam a madadinsu. In sun ƙoshi, sai na'urar ta zuƙo ruwan gishiri daga ɗaya tankin ta wanke su, su koma aiki. Ka ga ke nan abu uku ne: rezin, tankin gishiri, da kan na'urar mai ba da umarni. Ba kasafai ukun suke mutuwa tare ba.

Yau ɗin nan ka buɗe tankin gishirin. In ka ga gishiri cike yadda ka bar shi tun watannin baya, to a nan matsalar take. Gishirin yakan daskare daga sama ya yi ɓawo mai tauri, ƙasansa kuwa fayau, ruwa ba ya taɓa shi. Ka ɗauki sandar tsintsiya ka danna a hankali. In ta tsaya a kan abu mai tauri, sannan ta burma cikin rami, ka gano ɓarawon. Ka farfasa ɓawon, ka kwashe laka-lakan gishirin da ya kwanta a gindi, ka zuba sabo, ka danna maɓallin wankin rezin da hannunka. Ka duba makunnin da ke bayan na'urar wanda yake karkatar da ruwa ya wuce ba tare da ya shige ta ba, domin masu gyaran famfo sukan juya shi su manta. Ka duba agogonta ma, ɗaukewar wuta takan rikita shi.

Jan tabon nan shi ya fi damuna. Wannan ba aikin zartsi ba ne, ƙarfe ne a cikin ruwan. Da ya wuce miligiram 0.3 a lita yake fara ɓata tufafi da kwanon wanka, kuma yakan lulluɓe rezin da tsatsa har ya kasa kama komai. Akwai maganin wanke rezin da ake zubawa a tankin gishiri, sau da yawa yana farfaɗo da shi. Amma in ƙarfen ya yi yawa, ko sabuwa fil ka saya haka zai kashe ta, sai an sa matatar ƙarfe a gabanta. Shi ya sa nake roƙonka ka kai ruwan ɗakin gwaji da hukumar jiharku ta amince da shi, wanda ba shi da abin sayar maka. Kwalba biyu za ka ɗiba, ɗaya kafin na'urar, ɗaya bayanta. A auna zartsi, ƙarfe, manganis da tsamin ruwan. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana ɗaukar ruwan da ya haura miligiram 180 a lita a matsayin mai tsananin zartsi. Masu sana'ar kuwa da wani ma'auni da ake kira giren a galan suke lissafi, giren ɗaya a galan daidai yake da miligiram 17.1 a lita.

Tunda ka je, a haɗa da gwajin ƙwayoyin cuta da wani sinadari mai suna naitret. Dokar tsabtar ruwan sha ta 1974 ba ta shafi rijiyar gida ba, kai ne hukumar ruwanka, kuma shawarar jami'an lafiya ita ce a gwada duk shekara. Na'urar nan ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta cire naitret, wanda yake da haɗari ga jarirai in ya wuce miligiram 10 a lita.

To, yaushe za ka sauya? Irin waɗannan na'urori sukan yi shekara 10 zuwa 15, taka ta manyanta. In tukunyar ta tsage tana yoyo, ko an daina samun kayan gyaran kanta, ko kuɗin sauya rezin da gyaran kai ya kusa rabin na sabuwa, ni a ganina ka sallame ta. In ka kwance ragar bakin famfo ka ga ƙwayoyi masu ruwan zuma, rezin ne yake tserewa, wannan ma sai an buɗe ta. Amma in rezin kaɗai ya gaji, ana juye shi a zuba sabo a tukunyar da kan nan dai. Ka laluba takardun sayen gidanka, wataƙila akwai rahoton duba rijiyar ko garantin da bai ƙare ba.

In ta kama sai sabuwa, ka nemi na'ura mai auna ruwan da kuka yi amfani da shi kafin ta wanke rezin, ta fi mai bin agogo tattalin gishiri. Girmanta kuma lissafi ne: mutum 5, kowa kamar galan 75 a rana, galan 375 ke nan, ka ninka da giren ɗin da gwaji ya nuna, ka ƙara wani abu saboda ƙarfen, abin da ya fito shi ne zartsin da za ta cire a rana. Waɗanda ake tallatawa da cewa ba sa cin gishiri ba sa fitar da kalsiyam daga ruwa, rage mannewarsa a bututu kawai suke yi, sabulunka ba zai ga canji sosai ba. Kuma in akwai mai hawan jini a gidan, ka sani kowane giren da aka cire yana ƙara kusan miligiram 8 na sodiyam a lita, don haka a bar famfo ɗaya na ruwan sha wanda ruwansa ba ya bi ta na'urar, ko a koma gishirin fotasiyam bayan an tambayi likita.

Ka tura wa Hajiya kuɗin rufinta kafin damina ta kama. Ruwan zartsi na wata ɗaya ko biyu ba zai rushe maka gida ba. Idan sakamakon gwajin ya fito, ka aiko min da lambobin mu duba tare.