Hukuncin Yawon Buɗe Ido a Jirgin Ruwa a Kan Kogin Nilu

Tambaya: Allah Ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato. Mu goma sha biyu za mu Alƙahira saro kaya, har da maiɗakina. Jagoranmu ya shirya mana yawo a jirgin ruwa a kan Kogin Nilu daga bayan La'asar zuwa dare, kuma an haɗa kuɗin da na masauki. Ya halatta in shiga? Yaya zan yi da Magariba?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Shiga jirgin ruwa don kallon halittar Allah halal ne. Allah Ya lissafa jiragen da ke gudana a kan ruwa cikin ayoyinSa a Baƙara, aya ta 164, Ya kuma ce a yi tafiya cikin ƙasa a duba, a Ankabut, aya ta 20.

Sai dai, Alhaji, jiragen Nilu iri-iri ne. Akwai ƙananan masu filafilai da suke kira faluka, waɗanda ayari kan yi shatarsu na awa ɗaya ko biyu. Akwai kuma manyan da ake cin abincin dare a ciki, da yawansu da makaɗa da mace mai rawa da tufafin da ba su rufe ta ba, wasu har da giya. Lokacin da ka ambata ya sa nake zaton irin na biyun ne. Idan haka ne, bai halatta ka shiga ba, saboda Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya.

Wani zai ce ai sai ya kau da kai. A gidan abinci na kan tudu, in an fara abin ƙi, sai ka ɗauki hularka ka fita. Jirgi kuwa da zarar an kwance igiya ya bar gaɓa, ina za ka? Kai da iyalinka kun zauna ke nan har a dawo. Don haka tun kuna Sakkwato ka tambayi jagoran ƙarara: akwai rawa? Akwai giya? Mutum goma sha biyu kun isa ku yi shatar faluka taku ku kaɗai. In sauran sun ƙi, ka janye cikin mutunci, ko da kuɗin ba su dawo ba.

Batun salla, ka hau da alwalarka. In ta karye, ruwan kogin mai tsarkakewa ne. Ka yi Magariba a tsaye matuƙar ba ka tsoron faɗawa ruwa, ka fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya ka juya in da hali. Daga Alƙahira alƙibla tana kudu maso gabas, ba kamar yadda ka saba a gida ba. Kada ka dogara da haɗa Magariba da Isha'i, domin a mashhurin mazhabar Malik rangwamen jam'i na matafiyin tudu ne. Mafi sauƙi ku nemi a mai da yawon da hantsi.

Mu da muka sha jin kifewar kwale-kwale a yankin Goronyo ba ma buƙatar dogon wa'azi kan lodin da ya wuce kima. In ka ga jirgi ya cika maƙil, kada ka hau, kuma in an miƙo rigar kariya ka sa, ko da ta matse maka babbar riga. Wajen hawa ka ce: "Bismillahi majreha wa mursaha."

Wallahu a'alam.